Daren da Sabis Ya Ɗauke

Tun la'asar dogon ƙarfen nan na bayan kasuwa ya yi gum.
Wasu suka ce gas ya ƙare a injinsa,
wasu suka ce an kwance batir da dare.
Na duba fuskar wayata,
ko sanda ɗaya babu.
Nomau mai shayi har da tafi:
"Yau masu bina bashi su huta, ni ma in huta."
Muka yi dariya. Ni na fi kowa.

Bayan isha'i Baba ya zaga rumbu,
ba fitila, ba takalmi,
kububuwa ta gaishe shi a idon sawu.

Lambar Malam Sahabi na asibitin Kamba tana cikin wayata,
wayar tana tafin hannuna,
ga rijiya, ga ƙishi, babu guga.
Na danna. Na sake dannawa.
Na ɗaga ta sama kamar mai nuna wa Allah sheda.
Na goge ta da riga, sai ka ce ƙura ce laifinta.

Babur ɗin Arzika ba mai,
mai bumburutu ya ce kuɗi hannu,
kuɗina kuwa duk suna kwance cikin wayar nan,
sun mutu tare da ita.

Ige ta ɗaure ƙafar da ɗankwali har jijiya ta tashi.
Baba yana ta ce mana ba komai,
dasashinsa yana jini.

Sai ga Hajo,
tsohuwar da ke kai busasshen kifi ƙetaren iyaka,
wadda muke wa tsiyar ba ta iya karanta saƙo ba.
Ta kwance bakin zane,
ƙulli cikin ƙulli,
ta fito da layin Nijar,
ɗan mitsitsi kamar ƙwayar guna.
"Sa wannan. Hau tankin ruwa. Ka fuskanci Gaya."

Matakala goma sha tara, na ƙirga su da gwiwa.
Can sama iska na kaɗa ni,
gari duk ya koma ƙananan fitilu masu jirana.
Sanda ɗaya ta leƙo,
ta ɓuya,
ta dawo.
Ban taɓa son wani abu a duniya
kamar yadda na so wannan ɗan layi ba.

"Ku kwance ɗaurin! Kada a tsaga, kada ya taka.
Ku ɗauko shi a amalanke, mu haɗu a gada."
Kuɗin katin ya ƙare a kan kalmar gada.

Baba ya rayu.
Yana ɗingishi in ruwa ya sauka, yana zagin macizai da suna.

Yanzu in ka shigo garinmu, dubi bangon masallaci:
lambobi biyar da baƙin fenti,
manya, don mai hawaye ma ya iya karantawa.
Akwai galan na mai a ɗakin liman,
ba a taɓa shi ko ranar biki.
Akwai dubu goma a gwangwanin madara, na takarda, masu warin hannu.
An rataye tsohon wilin mota a reshen ɗorawa,
bugu uku, kowa ya fito.
Layin Hajo kuwa kowane wata muna zuba masa kati,
karo-karo, har da Nomau.

Sabis ya dawo bayan kwana tara,
samari suka yi ihu kamar an ga wata.
Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.
Sai dai duk sanda na wuce gindin tankin nan
nakan taɓa matakalar farko
in ji ko ta yi tsatsa.