Ɗaki na Bakwai, Ponta do Sol

Baƙon ɗaki na bakwai ba don teku kaɗai ya zo ba.
Daga ƙugu zuwa ƙasa gajeren wando,
daga ƙugu zuwa sama riga mai kwala, a goge sumul,
iyakar abin da kyamara ke gani ke nan.

Ni Ondina, shekara ashirin ina gyaran gado a tsibirin nan,
ƙarfe goma nake ƙwanƙwasa ƙofa.
Ashe goma ce lokacin da maigidansa a Rotterdam ke zuba faɗa.
Na koma ƙarfe biyu.

Abílio mai otal ya sauko da teburin ɗinkin uwarsa,
ya kafa gaban taga, ya ƙara soket,
ya fitar da kujerar nan mai karya baya.
Ranar da intanet ya ɗauke
har kan rufi ya hau cikin ruwa, yana yi wa tsuntsayen teku tsawa.

Biyar na yi, Wouter ya rufe kwamfuta,
ya ratsa gonar ayaba, ya gangara.

Washegari in share baƙin yashi ƙarƙashin tebur,
in ajiye kofi da zafinsa.
Takardunsa kuwa, yadda ya baza su
haka zai tarar da su.