Wuƙar Nabor

Hannuwan nan, Donaji, dube su da kyau.
Shekara goma sha ɗaya suna fiɗa a mahautar bakin ruwa,
kunkurun teku ɗari kafin rana ta take tsaka.
Fata ta tafi birni ta zama takalmi,
ƙwai ya tafi mashaya a haɗiye shi da gishiri da lemun tsami,
ƙoƙon baya mu tula shi bayan dutse
har ungulu ta ƙoshi ta kasa tashi.

Ba ƙeta ba ce. Masara muke saye.
Kakarki Hermelinda da goyo, ga biyu a ƙasa,
teku kuwa maƙil, wa ke ƙirga yashi?
Muka ce ba sa ƙarewa.
Haka mai rijiya ke faɗi
kafin guga ya taɓo laka.

Sai ga daren da na zauna da fitila a Escobilla,
gaɓar da a da ba ka samun wurin sa ƙafa,
tun faɗuwar rana har zakara ya yi cara.
Tara na ƙirga.
Na sake zagayawa, ko na yi kuskure. Tara.

Doka ta iso a alif ɗari tara da casa'in,
takarda guda, da hatimi, da sojan ruwa a bayanta.
Na tsine mata, ba zan ɓoye miki ba.
Wanda ya sa mata hannu bai san tukunyarmu ba.
Aka garƙame mahauta, Mazunte ta yi tsit,
ƙanena Eusebio ya ƙetare iyakar arewa,
wasiƙa biyu, daga nan shiru.
Ni na saci ƙwai sau uku, aka kama ni sau ɗaya,
kwana ashirin a Pochutla ina kallon bango.

Abin da bangon bai gaya mini ba
shekaru suka gaya mini a hankali:
wanda ake yankawa ba shi da baki gaban alƙali,
dole wani ya ara masa.
Doka giginya ce, na nesa ka sha inuwarta,
sai dai nesan nan ba na tafiya ba ne,
na shekaru ne.
Ɗan mitsitsin da ya tsere wa kaguwa da shaho a bana
sai ya fi shekara goma a ruwa
kafin ya tuna yashin da aka haife shi.
Wane ciki ne zai jira haka in ba a tilasta shi ba?

Yanzu kashe farar fitilar, kunna ja.
Kin ji? Ba igiyar ruwa ba ce,
numfashi ne.
Dubu bisa dubu suna jan ƙirji a tudu,
wannan na tone ramin waccan,
yashi na tashi kamar ana sheƙar hatsi.
Dubi idon wannan, yana zubar ruwa.
Masu ilimi sun ce gishiri take fitarwa, ba kuka ba.
Na yarda da su.
Duk da haka nakan kau da kai.

Kar ki ce komai ya gyaru.
Har gobe akwai mai sayar da ƙwai a ƙarƙashin tsumma,
akwai ma'aikacin da kan rufe ido in an cika masa tafi.
Takarda ba ta tsare gaɓa,
sai mai hana idonsa barci.
Kuma ba ta dawo mini da Eusebio ba.

Ungo wuƙar. Ita ce dai, ƙotar kawai na sauya.
Waccan ta can gefe, koma ta naɗe mata hannu.
Durƙusa ta bayanta, kar ki haska fuskarta.
Sa kaifin ya kalli sama,
ki yanke zaren.