Mu Ma Muna da Gaɓa

Gidado, hotonka ya iso daren Laraba.
Hajjo ta miƙo wayar, na lalubo tabarau.
Ga ka tsaye, ka ɗan rame,
bayanka wani shuɗi marar iyaka,
fararen gidaje sun hau tudu kamar tumaki
suna leƙen ruwa.

Ka ce sunansa Bahar Rum.
Ka ce can damina da sanyi tare suke sauka,
watannin zafi kuwa ko ɗigo babu,
sai rana tas, da iska mai gishiri.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni:
wace irin ƙasa ce ake shuka a cikin bargo?
Ka lissafo garuruwa bakwai a bakin tekun,
harshena ya ƙi ɗaukar ko ɗaya,
duk sun zube kafin su kai ƙwaƙwalwa.

To, zauna. Ni ma ina da nawa lissafin.
Shekara talatin da ɗaya na ja akori-kura a hanyar nan,
ko idona rufe na san inda take lanƙwasawa.

Ka fito Gombe da asuba, ka ba gabas goshi.
Liji tana hamma, ba ta gama farkawa ba.
Kwadon kuwa hanci ke fara ganinta:
albasa, tattasai, kwandunan tumatir
jere kamar sahun Idi,
'yan gwari na rantsuwa tun ba a taya ba.
A nan na taɓa fasa taya da lodin kankana,
yara suka sha rabin ribata
kafin mai faci ya gama hura wuta.
Na yafe musu, yanzu duk sun zama magidanta,
har gaishe ni suke a kasuwa.

Daga nan ƙasa ta soma gangara,
iska ta sauya wari,
sai Dutsen Bima ya taso gabanka,
doguwar raƙuma a durƙushe
da ta ƙi tashi tun zamanin kakan kakana.
Ƙarƙashinsa Gwani da Shinga da Wade,
Hinna a tsallaken gada,
Terawa na kai gaisuwa da harshe biyu
ba tare da sun ji nauyin sauyawa ba.
Sannan gida: Dadin Kowa.

Kogin nan da ka raina, daga nesa ya taso.
Sai da ya je Nafaɗa ya tuna kudu,
ya juyo ta Ashaka da ƙurar siminti a kafaɗa,
muka tare shi da bango, ya kwanta ya yi faɗi
har mutumin Difa ba ya hango na wancan gefen.
Ba gishiri a ciki, na yarda.
Amma akwai karfasa, akwai ragon ruwa,
akwai dorinar da ta cinye shinkafar Bappayo bara
ta bar masa sawu kamar bakin turmi.
Ku can, wa ke yi muku irin wannan ɓarna
ku kwana kuna ba da labarinta kuna ƙarawa?

Man zaitun da ka aiko ya iso.
Hajjo ta ƙi zubawa a miya,
ta ce na shafa wa gwiwa ne.
Yana aiki, ba laifi.

Abu ɗaya nake roƙo.
In ka gama tsinkar inabin mutane,
ka zauna gaban wannan shuɗin naka,
ka karanto namu a jere kamar yadda na koya maka
kana zaune kan buhun masara a bayan mota:
Liji, Kwadon, gangara, gada.
Sunan gari in ba a kiransa, tsatsa yake yi.

Kwalekwalenka na nan gindin giginya, a kife.
Na sa an toshe ɓular.
Ruwa ya ja baya bana da taku ashirin,
amma Agusta na zuwa.