Damtsen Babana

A Tromso rana ta yi yaji tun ƙarshen Nuwamba,
sai fitilun tashar jirage ke leƙen baƙin ruwa.
Babana Torleif yana kwance, yau kwana arba'in da uku
tun da ƙanƙara ta kwashe ƙafarsa a bakin ƙofa,
ƙashin kwatangwalo ya ce ƙas.

Na san damtsen nan.
Shi ya ja raga shekara hamsin a tekun arewa,
shi ya ɗaga ni sama ina 'yar ƙarama
in taɓa kifin da aka shanya wa iska.
Jiya na zagaye shi da hannu ɗaya,
yatsuna suka gaisa.
Fatar ta saki kamar rigar aro.

Tsoka ba ta yafe wa kwanciya.
Ka bar ta mako guda, ta fara kwance kayanta,
zare bayan zare, ba sallama.

Da safe, in har duhun nan safiya ne,
nakan sa farar riga a ɗakin gwaje-gwaje.
Ina kiwon tsoka a faranti,
tantanin da ido bai gani sai da madubin likita,
dogaye, jere da juna kamar igiyoyin jirgi.
Nakan zuba musu abin da ke hura kumburi,
in zauna in ga suna ramewa.
Faranti shida na bar su haka.
Shida na ɗiga musu man kifi, omega uku,
ɗigon da bai kai hawayen sauro ba.

Ran Alhamis abokiyar aikina Ragnhild ta ce, zo ki gani.
Na farko sun sirance, sun koma silili.
Na biyun ma sun rame, ban ɓoye ba,
amma da sauran ƙiba a jikinsu,
kamar man ya shige bangon kowane tantani
ya tausasa shi, ya ce wa wutar ta rage ci.
Muka sake aunawa sau uku.
Ragnhild ba ta yi murmushi ba sai a na ukun.

Na koma gida da makarel biyu a takarda.
Na gasa, gidan ya ɗauki ƙauri.
Na ba shi labarin farantaina.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ya ce, uwata Gunvor ba ta da madubi,
cokali gare ta, na ƙarfe, mai lanƙwasasshen wuya.
Duk hunturu sai ta toshe mana hanci
ta ɗura mana man hantar kifi,
mu bakwai, a layi, muna yamutsa fuska.
Ke kuma sai da kika yi digiri uku.

Sannan ya yi shiru, ya dubi hannunsa.
To, zai dawo?

Na so in ce i.
Bakina ya san faranti ba mutum ba ne,
abin da ya tsaya a gilashi yakan zame a jini.
Na ce, wataƙila ya rage ɓarna, Baba.
Mai yana tsare igiya daga tsinkewa,
amma ba ya jan raga.
Sai ka tashi.

Ya cinye kifin har fata,
ya tsame ƙaya ya jera a gefen kwano yadda ya saba.
Ya ce miƙo sandar.

Taku goma sha ɗaya ne daga gado zuwa taga.
Na ƙirga a zuci, shi ya ƙirga da zagi.
A na bakwai gwiwa ta yi rawa,
ya damƙi kafaɗata,
na ji zafin riƙon har ƙashi,
ban taɓa murnar ciwo irin wannan ba.

A waje wani jirgi yana shigowa, tsuntsaye na binsa.
Ya ce, na ɗan Oddvar ne, ya yi lodi da yawa,
yaron nan ba ya jin magana.

Gobe Juma'a zan canza wa farantaina ruwa.
Shi kuma ya ce har ƙofar kicin.