Bututu Uku

Shekara arba'in ina hawan matakalan Valparaiso
da jakar sifana a kafaɗa,
daga bakin teku zuwa gidajen da ke rataye a kan tudu.
Bana, a mataki na sittin,
wani abu ya zauna mini a ƙirji
kamar buhun siminti.
Na ce iska ce. Na ce kifin jiya ne.
Ondina ta ce, Evaristo, sa takalminka.

Ɗakin sanyi ƙalau.
Yarinyar da ke kula da na'urar,
Millaray aka rubuta a aljihun rigarta,
ta ba ni ƙwaya don bugun ya lafa,
ta fesa wani abu ƙarƙashin harshena,
ta nemi jijiya a hannuna ta samu.
Ta ce, ruwan zai bi jikinka da ɗumi,
za ka zaci ka jiƙa wando, ba ka jiƙa ba.
Na yi dariya.
Da ya zo, na daina.

Gado ya ja ni cikin wani farin zobe.
Wata murya ta ce in riƙe numfashi.
Na riƙe,
kamar yadda nake kasa kunne a jikin bango
in ji inda ruwa ke yoyo.

Likita Undurraga ya juyo mini da allon.
Ga zuciyata tana juyawa a hankali, ba kunya,
bututu uku sun naɗe ta,
na gaban ya tsuke a tsakiya,
farin abu ya kama bakinsa ciki da ciki.
Ya fara bayani. Na ce, likita, huta.
Na san wannan farin.
Na kankare shi da tsinin wuƙa a gidaje ɗari.
Nawa ya rage wa ruwa?
Ya ce, kashi talatin.

Ni ne mai gaya wa masu gida
ba rana ɗaya ya toshe ba, ranka ya daɗe,
kullum kaɗan, kullum kaɗan,
kana ta wanka ba ka sani ba.

Ya rubuta ranar Talata.
Za su zura siririyar waya ta wuyan hannuna,
su buɗe, su tokare.
Aikin da zan yi ke nan da nawa ne.

Da muka fito, Ondina ba ta ce komai ba.
Ta wuce matakala, ta tsaya a layin keken hawa tudu,
ta biya kuɗin mutum biyu.
Ban taɓa shiga ba.
Yana ƙara, yana jijjiga,
teku na buɗewa a bayanmu,
hannunta a kan aljihun rigata.