Haƙorin Aro

Ni na fara shafa mata hoda,
tana 'yar shekara shida, ƙafarta na lilo
daga kujerar ɗakin kwalliya a Cubao.
Luningning Dimaano. Suna ya fi mai shi tsawo,
sai muka gutsure shi: Ningning.

Uwarta, Aling Pacita, kifi take sayarwa a Navotas.
Tun duhun asuba suke hawa jifni, canji uku,
yarinya na gyangyaɗi, takardar wasa a hannu,
gashinta na ƙamshin hayaƙi da man kwakwa.

Tallan madara ne farko.
Kofi goma sha ɗaya ta sha kafin a ce ya yi.
Ta amayar a bayan labule, ta dawo da murmushinta.

Ana tsakar fim haƙorin gaba ya faɗi.
Darakta ya ce labari ba ya jiran haƙori.
Ni na manna mata na aro,
na gaskiyar na jefa a akwatin ashana.

Kuka kuwa ba koya mata aka yi ba, sata aka yi.
Aka raɗa mata, ambaliya ta tafi da karenki.
Daren Lahadi ƙasa ta jiƙe, daga Ilocos har Davao,
kare na can ƙarƙashin tebur yana hamma.
Hawayen nan su suka yi rufin kwano,
su suka kai yayarta makarantar jinya.

Sha uku, tsayi ya shigo ba sallama.
Ta yi wa 'ya girma, ta yi wa budurwa ƙanƙanta.
Waya ta yi gum.
Allon fuskarta na bakin babban titi,
guguwa ta yage rabi, mai sabulu ya liƙe saura.
Shekara tara tana ba wa baƙin fuskoki aron murya,
tana wasa inda kujeru suka fi 'yan kallo.

Bara aka kira ni Negros, tsakiyar gonar rake.
Ita ce uwa a fim ɗin.
Furfura biyu, ta hana ni rufewa.
An kawo ɗan yaro da zai yi kuka,
mataimakin darakta ya sunkuya kan kunnensa,
ta riƙe masa riga.
"Bari. In ya zo, ya zo."

Muka jira. Rana ta karkata, kuɗi na ƙonewa.
Yaro ko ƙwalla.
Ita ce ta fashe, ba wanda ya raɗa mata komai,
ya ɗaga ɗan hannunsa ya share mata.
Wannan aka ɗauka.

Da dare na miƙa mata akwatin ashana.
Ta juya shi a tafi, ƙwayar shinkafa ta fi shi haske.
"Manang Sabel, wannan na wace ce?"
Ta daɗe shiru, sannan ta damƙa mini.
"Ajiye mata. Ban gama nemanta ba."