Daren Kyandir Ɗari Uku

Ƙarfe biyu na dare Kaka Lucjan ya ƙwanƙwasa taga.
Bai ce uffan ba, ma'aunin sanyi kawai ya ɗaga,
na ga jan zaren ya gangara ƙasa da sifili.
Sama tas, babu ko ƙyallen gajimare.
Irin wannan dare ne, in ji manoman Grójec,
yake lashe shekara guda kafin carar zakara.

Mako ɗaya ke nan da tuffa ta yi fure,
fari sol, da ɗan ja a leɓe,
ga bashin banki rataye a kowane reshe.

Muka tura baro cikin duhu,
gwangwanaye na ƙara, kowanne cike da kaki,
lagwani a tsaye a tsakiya.
Ni ke ajiyewa, shi ke kunnawa,
taku bakwai, gwangwani,
taku bakwai, gwangwani,
har yatsuna suka daina sanin nawa ne.

Na ɗora tafi bisa harshen wutar na ce,
Kaka, wannan ai ko shayi ba zai tafasa ba,
ina shi ina sanyin da ya taso tun daga teku?
Ya share hanci da bayan hannu.
Ya ce, ba bazara na roƙa ba, yarinya,
digiri biyu nake nema.
Tsakanin fure da tuffa, digiri biyu ne.

Sai na fara ƙirga abin da ke da ɗumi a gonar:
numfashinmu da ke fita kamar tururin tukunya,
cikin karen da ke goga jiki a ƙafata,
burodin da na ɓoye a ƙirji,
murfin injin tarakta da bai gama hucewa ba.
Ashe duniya cike take da ƙananan murhu,
ba wanda ya taɓa yi musu sannu.

Ɗari uku cif suka ƙare
saura layin bakin rafi,
can inda sanyi ke kwanciya kamar ruwa a kwari.
Kaka ya tsaya da ashana a hannu, ba abin kunnawa.

Sai ga Bronia, maƙwabciyarmu,
da rigar barci cikin kwat ɗin mijinta,
tana jan kwando.
Fitilar kananzir mai fasasshen ƙwai,
guntayen kyandir na coci,
da jajayen fitilun kwalba guda tara
da na san inda ta ɗauko su.
Kaka ya cire hula.
Ta ce, mayar da hularka, tsoho,
Tadek ba zai ji sanyi ba, ya riga ya saba.

Muka jera su gindin itatuwan ƙarshe.
Daga kan tudu gonar ta zama gari,
unguwa-unguwa, kowa ya kunna fitilarsa,
hayaƙi ya yi mana rumfa ƙasa-ƙasa,
ciyawa na ƙas-ƙas a ƙarƙashin takalmi.
Dab da asuba ya fi cizo.
Ba mai magana. Haƙora ne ke hira.

Da rana ta leƙo Kaka ya tsinko fure,
ya tsaga shi da farce.
Kore a ciki: yana raye.
Wani, kore. Wani, kore.
A bakin rafi, baƙi. Baƙi. Baƙi kuma.
Sai itace ɗaya, wanda jajayen kwalabe suka kewaye,
ƙananan rassansa kaɗai suka tsira.

Da kaka ta yi na ƙirga 'ya'yansa,
sha ɗaya, biyu ma tsutsa ta riga mu.
Na kai wa Bronia a cikin hula.
Ta zaɓi mafi ƙanƙanta ta sa a aljihu,
ta ɗauki ashana,
ta bi hanyar maƙabarta.